Ƙafar Nomau da Igiyar Kwana

Ku samarin gidan nan da kuka yi lakwal, makarantar boko, ina jin abin da kuke faɗi a bakin zaure in an kawo mai karaya. Kuna cewa ɗori ba wani aiki ba ne: a ja ƙafa, a shafa mai, a naɗa kara, a yi tofi, mutum ya tashi. Ba na gardama da yaro. Na ɗauki takarda, da ɗan bokon da na koya da furfura a kaina, zan jera muku abin yadda ya zo mini, na farko a farko, na ƙarshe a ƙarshe. Wanda zai karanta ya karanta a jere, kada ya tsallake.

Aikin farko da aka sa ni ba ɗori ba ne, fawa ce. Baba Abarshi, ƙanen mahaifina, shi ne ya gaji ɗori a gidanmu, a ƙauyenmu da ke bisa dutse gabas da Tamaske. Ina da shekara goma sha takwas ya tasa ni gaba ran kasuwa, ya wuce da ni rumfunan hatsi da na masu gishiri, bai tsaya ba sai mahauta. A ƙasarmu ɗan manomi ba ya zama cikin mahauta, an kuwa yi ta magana a gari. Baba bai kula ba. Ya miƙa ni ga wani mahauci gajere mai faɗin kafaɗa, sunansa Tunau.

"Ga shi, Tunau. Shekara guda. Kada ka bari shi taɓa wuƙa sai ya san abin da za shi yanka."

Tunau ya dube ni sama da ƙasa. "Ɗan maɗora, matso. Mi ke riƙe da akuya har ta tsaya bisa ƙahwa huɗu?"

Na ce, "Ƙashi."

Ya ɗauki ƙafar gaba ta akuyar da ya fiɗe, ya bi ta da wuƙa, ya cire duk abin da ke manne, ya zuba mini ƙasusuwan a tafin hannu. "To, ga ƙashi. Tsai da su. Ce musu su tahi kiwo."

Mahauta suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Na tsaya ina duban abin da ke hannuna, ƴan tarkace da ba su san juna ba.

Baba yana cewa abubuwa bakwai ne suke riƙe da jikin ɗan Adam, kuma su ne suke riƙe da na dabba, shi ya sa ake koyo a jikin akuya kafin a taɓa mutum. Na farko ƙashi. Ƙashin da kuke gani a juji, fari, busasshe, gawa ce. Ƙashi mai rai yana da danshi, yana da ɗan ja, in an sare shi jini yana tsattsafowa. Na biyu guringuntsi, wanda ke lulluɓe da kan ƙashi a inda biyu suka haɗu. Sa yatsa ka ji, ya fi cikin sabuwar tasa sulɓi. Mutum yana durƙusawa yana miƙewa shekara saba'in a kan wannan ɗan abin, ba a taɓa zuba masa mai daga waje ba. Shi ne kuma a kunne da karan hanci da bakin haƙarƙari. In ka yanka shi ba ya jini, in ya lalace kuma ba ya komawa, don haka maɗori yake tsoronsa.

Na uku jijiya, ba ta jini ba, farar nan mai tauri. Iri biyu ce. Akwai gajeriya mai faɗi da ke ɗaure ƙashi da ƙashi, ita ce ke yagewa in an yi targaɗe. Akwai doguwa da ke tasowa daga tsoka ta je ta kama ƙashi, babbarsu agara, a bayan dunduniya. Wata rana Tunau ya yanke ƙafar rago daga gwiwa, ya kamo bakin wata farar jijiya ya ja. Kofato ya lanƙwashe. Ya saki, ya ja wata, kofato ya miƙe. Ragon kuwa an riga an rataye shi. Na karɓa na yi ta ja har ya ƙwace, ya ce ba wasa ya kawo shi kasuwa ba. Ran nan a hanyar gida ban daina duban bayan hannuna ba, ina motsa yatsu, ina ganin igiyoyin suna tashi ƙarƙashin fata ɗaya bayan ɗaya.

Na huɗu shi ne wanda ba mai kula da shi, tantani. Kun ga yadda mahauci yake tsaga fata kaɗan a ƙafar baya, ya sa baki ya hura kafin ya fiɗe. Iskar nan tana tafiya har wuya, har ƙafar gaba. Ta ina ta bi? Ta cikin tantani. Yana nan ƙarƙashin fata kamar saƙar gizo, ya naɗe kowace tsoka cikin jakarta, ya naɗe jakunkunan cikin babbar jaka, ya naɗe ƙashi kansa. Na nemi inda ya fara da inda ya ƙare, shekara guda ina nema, ban samu ba. Mayafi ɗaya ne daga ka har kofato. Na biyar kitse, wanda aka shimfiɗa a inda ake bukatar laushi: dunduniya, bayan ido, kewayen ƙoda. Na shida ɓargo.

Na bakwai Baba ya ce jini. Nan na yi masa musu, karo na farko. Na ce, "Baba, ruwa ba ya ɗaure komi." Ya ce, "Jira."

Akwai wata al'ada tsakanin gidanmu da mahauta. Duk dabbar da ta karye aka ɗaure ta, daga baya mai ita ya gaji ya kawo ta yanka, ba a sayar da ƙafar. Ana tambayar mai ita kwana nawa da karayar, a ajiye wa maɗori. A shekarar nan ƙafa biyar suka zo hannuna, Baba yana sa ni in tsaga kowace a gabansa. Ta kwana biyu, gudan jini ne baƙi ya cika tsakanin ƙasusuwan. Ta kwana tara, jinin ya koɗe ya yi yauƙi, in ka ja yana miƙewa kamar tantani. Biyu sun zo masu wajen kwana ashirin, na sami ƙulli fari kamar goro ya rungume bakin karayar, na sa wuƙa ta shige, guringuntsi ne sosai. Ta ƙarshe ta wani bunsuru ce, ta haura kwana arba'in. Na sa wuƙa ta ƙi. Ƙullin ya zama ƙashi.

Na ajiye wuƙar na zauna a ƙasa. Jini ya zama tantani, tantani ya zama guringuntsi, guringuntsi ya zama ƙashi, a jere, ba wanda ya riga wani, a cikin duhun ƙafar bunsuru inda ba ido ba hannu. Baba ya ce, "Ka gani? Uwa ɗaya uba ɗaya suke. Kai ba ka ɗora komi. Allah Ya sa masu aikinSa ciki. Naka ka daidaita musu wuri, ka tsare ƙohwa kada a dame su."

Bayan shekarar fawa na yi uku ina riƙe ƙafa Baba yana ja, ina kuma haɗa kaya. Kayan ba su da yawa, amma kowane da ƙa'idarsa. Karan dawa ne, ba na gero ba, wanda ya fito a tudu mai gajerun gaɓoɓi, a yanke shi da kaka a ajiye a inuwa. Ana saƙa shi kamar ƙaramin asabari da zaren agarar sa, wadda aka busar, aka daka, aka tsattsage, aka murza. Zaren agara kara yake ɗaurewa, ba ya taɓa jiki, don in ya sha gumi ya bushe yana tsukewa, ya kashe ƙafa. Abin da ke zagaya jiki ƙyallen saƙi ne, kuma sai yatsa ɗaya ya iya shiga ƙarƙashinsa. Sai tsohon man shanu a cikin tandu, sai ƙirgi, busasshiyar fatar sa da ake kwantar da mai karaya a kai. Na ƙarshe igiyar kwana. Igiyar kaba ce, kowane majinyaci da tasa a rataye a zaure, kullum bayan sallar asuba a yi mata ƙulli ɗaya. Yaro ashirin da ɗaya, babba arba'in, tsoho sittin. Addu'a kuwa ana yi, farko da ƙarshe, ba kuma ta hana a duba yatsun ƙafa safe da yamma ko sun yi sanyi.

Wata mata daga Ibohamane ta zo mini da hannu a lanƙwashe kamar lauje. Ta karye a gwiwar hannu, wani ya ɗora mata, ƙashi ya kama daidai, amma ya bar ta a ɗaure wata uku. Tantani ya manne, jijiya ta gajarce. Wata biyu na yi ina gasa wurin da ruwan zafi ina miƙarwa kaɗan kaɗan, tana zagina, kafin ta iya kai loma baki. Daka kuwa ba ta sake yi ba. Wani Buzu raƙumi ya kayar da shi, kafaɗa ta goce, na sa dunduniyata a hammatarsa na ja, ta koma da ƙara kamar an tsinke gora, ya tashi ya naɗa rawaninsa ya tafi. Ƴan kokawa suna zuwa da kaka, masu haƙar rijiya da rani. Akwai kuma waɗanda ba na karɓa. Wanda gatari ya datse masa agara, da wanda ƙashi ya huda fata ya sha ƙasa, waɗannan ina cewa a kai su birnin Tawa wurin lokotoro, likitan asibiti, ko da dangi sun ce na ji tsoro.

Yanzu na zo ga muguwar shekara. Fara ta sauka a ƙasarmu ta Adar gero yana ƙosawa, ta tashi ta bar kara tsaye. Ku a lakwal kuna ce wa shekarar yunwar da ta biyo baya dubu da ɗari tara da talatin da ɗaya. Mu shekarar fara muke ce mata. Kafin bazara rumbuna sun zama kango. Mutane suna cin dusa, da ƙarangiya, da ƴaƴan anza waɗanda sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwa kafin ɗacinsu ya ragu. Baba a lokacin ya kwanta, idonsa ya yi hazo, hannunsa yana rawa. Aiki ya dawo kaina, shekarata ta biyu da fara taɓa mutum.

Da hantsi aka kawo Nomau a kan ƙyauren kara. Shi sa'ana ne, manomi, mai mata ɗaya da ƴaƴa uku. Ya hau itacen jiga yana tsinko ganyen da ya rage a ƙololuwa, jiri ya ɗebe shi, ya faɗo a kan dutse. Ƙwaurin hagu ya karye a tsakiya, fata ba ta fashe ba. Aiki mai tsabta ne. Na kwantar da shi a ƙirgi, mutum biyu suka riƙe, na ja, na ji bakin ya hau baki, na shafa mai, na naɗa kara. Na yanko sabuwar igiya na rataya.

Wansa Arzika, wanda shi ne mai gida, ya ja ni waje. Mutanen unguwarsu sun shirya tashi su nufi kudu, wajen Sakkwato, inda ake cewa akwai hatsi. Gidansu mutum goma sha ɗaya ne.

"Illa, kwana nawa? Hwaɗa min gaskiya. In kusa ne mu jira shi. In nesa ne in tahi da ɗiya tun suna da ƙarhin tahiya."

Na ce, "Arba'in."

"Ka tabbata?"

"Haka take tun kakanmu."

Ya ce to. Ayarin unguwa ya tashi ba su. A kan bakina mutum goma suka zauna jiran ƙafa ɗaya. Ana kwana ashirin da wani abu jakinsu ya mutu, wanda da shi za a ɗora Nomau in ya gaji. Saboda haka dole ƙafar ta taka da kanta.

Ran da na yi ƙulli na arba'in, sun zo ƙofar zaure da kayansu a ɗaure, mata da ƙwarya a ka, yara da goran ruwa. Na kwance saƙi, na ɗaga kara. Ƙafa a miƙe take, ba kumburi. Na sa babban yatsa a wurin na danna. Na ji ƙulli, amma ya bi yatsana kaɗan, kamar in ka danna karan hanci. Na ji wannan sarai. Sai na ɗaga kai na dubi igiya, na sake ƙirgawa, arba'in cif. Na yarda da igiya na ƙi yatsana. Na ce, "Tashi."

Nomau ya dafa kafaɗar wansa ya miƙe. Ya aza ƙafar a ƙasa, ya saki nauyi. Ba ta karye ba. Lanƙwashewa ta yi a hankali kamar ɗanyen reshe, muna kallo. Bai yi ƙara ba, iska kawai ya ja ta haƙora.

"Ku kwantar da shi." Muryar Baba ce daga tabarmarsa a ƙuryar zaure. Ya ce a jawo shi kusa. Ya lalubi ƙafar da hannun nan mai rawa, ya daɗe.

"Wagga ƙahwa kwananta sha biyar."

Na ce, "Baba, arba'in. Ban tsallake asuba ko guda ba."

"Igiyarka ta ji yunwa? Ƙahwa ba ta ƙirga kwanan da ba ta ci ba."

Arzika ya juyo kaina. Mutum ne mai sanyi, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ran nan. "Kwana arba'in muna cin anza sabili da bakinka. Da kac ce ba ka sani ba, da yanzu muna Sakkwato. Dubi ɗiyan ga. Dube su, ɗan Abarshi!"

Na dube su. 

Nomau ya ce daga kwance, "Yaya, ku tahi. Ba su kai wani arba'in."

"In bar ka ga wa?"

Baba ya ce, "Ga wanda yac ce arba'in."

Haka ƙa'idar gidanmu take, ko da yake ban taɓa ganin an yi aiki da ita ba sai a kaina. Maɗorin da maganarsa ta faɗi, shi ke ɗaukar majinyaci, ci da sha, har ya taka. Aka yi shawara a tsaye. Arzika ya ce duk garin da suka kwana za su bar sallahu wurin liman. Matar Nomau, Kulu, ba ta ce wa mijinta komai ba a gaban mutane. Da za ta fita ta tsaya kusa da ni, idonta a ƙasa, ta ce, "Malam Illa, in za ka shahwa mai, kada ka taɓa mishi tahin ƙahwa. Cakulkuli shika ji." Ta gyara goyonta ta bi su.

Na miƙar da ƙafar a ranar, a hankali, ba sai an sake karyawa ba tun da ƙullin bai yi tauri ba. Na naɗa sabon kara. Daga nan aikin ya tashi daga hannu ya koma tukunya. Matata Tsahara ta raba anzarmu ta ƙara kaso ɗaya. Ni na je Tamaske wurin Tunau. Na same shi zaune, karan da yake baza nama a kai a bushe.

"Ɗan maɗora, da nama nika saidawa. Yanzu ƙuda ma sun yi min ƙaura."

Na gaya masa abin da ke tafe da ni. Ya tashi ya kai ni bayan mahauta, muka tona tsohon tarin ƙashi da kofato, muka zaɓi masu sauran maiƙo. Ana daka su a turmi, a dafa tun safe har la'asar, sai ka ga ɗan idon mai yana yawo a bisa. Da wannan ya ƙare na sauko da damin agarata ta shekara biyu, na jiƙa, na dafa har ta narke ta yi kauri. Da ita ma ta ƙare na janye ƙirgin daga ƙarƙashinsa na ba shi tabarma. Kullum in yanko kamar tafin hannu, a babbaka, a kankare, a dafa ya zama ganda.

Nomau mutum ne mai ba'a, yunwa ba ta raba shi da ita ba. In ya ga Tsahara da akushi sai ya ce, "Illa, yau mi za mu ci, shimhiɗa ko igiya?" Wata rana ya ce, "In anka tambaye ni ladan maɗori, in ce ni nac cinye mishi gado."

Duk da haka jiki yana ta baya. Na ga abubuwan nan bakwai suna tafiya ɗaya ɗaya a jikin mai rai. Kitse ya fara. Dunduniyarsa ta zama kamar jakar da aka zazzage, idanu suka faɗa ciki. Dasashi ya soma jini. Sai wata safiya na ga abin da ban taɓa gani ba. Yana da tsohon tabo a damtse, inda lauje ya yanke shi tun yana yaro. Tabon nan ya buɗe da kansa, ba wanda ya taɓa shi, ya koma ɗanyen miki. Na je na gaya wa Baba. Ya ce, "Ashe ɗinkin ma kullum aka sabunta shi. Zare ya ƙare." Tun daga ran nan na san cewa jikin da kuke yawo da shi ba gini ba ne da aka gama. Ana kan aikinsa kowace rana, ko kuna barci ko kuna gardama a bakin zaure.

Igiya kuwa na ci gaba da ƙulla ta don sabo, har ta ƙare ba wurin ƙulli. Ban yanko wata ba.

Ruwa ya sauka. Bayan mako biyu tafasa ta fito a bayan gari, da gasaya, da lalo. Tsahara tana cika ƙwarya tana dafawa. Fulani suka dawo da sauran shanun da suka tsira, wata tsohuwa a cikinsu da na ɗaure wa wuyan hannu ta riƙa aiko da ludayin nono kowace safiya. Na sa ido in ga abin da zai fara dawowa. Dasashi ne ya fara daina jini. Sai mikin damtse ya kame, ya rufe. Sai ƙullin ƙwauri ya soma girma ƙarƙashin yatsana, yana ƙin bin dannawa. Amma yatsana ya riga ya faɗa mini gaskiya sau ɗaya na ƙi ji, yanzu kuma ina tsoron kada ya faɗa mini abin da nake so.

Na gaya wa Baba haka. Ya ce akwai abu ɗaya da bai koya mini ba, don sai wanda ya daina gani yake nemansa. Ya sa na kwance karan. Ya ce in aza kunnena a ƙoƙon gwiwar ƙafar dama, mai lafiya. Ya ɗauki ɗan dutse ya ƙwanƙwasa idon sawu. Na ji ƙarar ta taho ta cikin ƙashi ta shiga kunnena, ƙwas, ƙwas, kamar ana daka a maƙwabta. Ya ce in koma ta hagu. Ya ƙwanƙwasa. Na ji ta, amma can ƙasa, kamar an bugi buhun dusa.

"Saƙo na tsayawa a hanya," in ji Baba. "Ran da ya iso duka, ka ce mishi shi tashi. Ba kahin nan ba."

Kowace Juma'a nake saurarawa, Tsahara tana ƙwanƙwasawa, don Baba ya rasu, bai ga kakar shekarar ba. Juma'a huɗu ina jin buhun dusa, yana ɗan washewa. Ta biyar, gero ya fara tumu, na aza kunne a dama, na aza a hagu, na sake komawa dama. Ban iya rarrabe su ba. Na ɗago.

Nomau ya ce, "Mi tac ce?"

Na ce, "Ta ce ka tashi."

Ya miƙe da gwafa a hammata. Ya aza ƙafar. Na durƙusa ina duban ƙwaurin, ba fuskarsa ba. Ta tsaya. Kwana goma na sa shi yana zagaya gida, sa'an nan gari, sa'an nan ya sauka kwari ya hau da sanda kaɗai. Ran da zai tafi Tsahara ta gasa masa tumu ta cika jaka. Na raka shi har inda dutse ya ƙare yashi ya fara, na bar shi ya yi gaba, na bi sawunsa a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na hagu bai kai na dama zurfi ba, amma yana kallon gaba sosai, bai karkace ba. Na tsaya a nan har ya shige cikin gero.

Ya bi sallahu daga liman zuwa liman. Sai da wata kakar ta zagayo ya dawo, da Kulu, da ƴaƴa biyu cikin uku. Arzika bai dawo ba, an binne shi a hanya tun a tafiya. Ba wanda ya ce mini kwana arba'in ɗin nan ne suka ci shi, ba kuma wanda ya ce ba su ba ne. Tun daga lokacin ba a sake jin adadin kwana a bakina ba. In an tambaye ni nakan ce, me yake ci?

Shekara goma sha biyu bayan haka, lokacin yaƙin Turawa, ana kwasar mutane aikin hanya, Nomau ya zo da targaɗe a wuyan hannu, dutse ya murɗe shi. Na ɗaure. Kafin ya tashi na ce ya miƙo ƙafar in duba aikina. Ya miƙo duka biyun yana murmushi. Na bi ƙwaurin da babban yatsa daga gwiwa har idon sawu, ina neman ƙullin nan da na sani kamar goro. Na sake bi. Na yi tsammani na manta, na koma ɗaya ƙafar. Masu aikin nan na ciki, bayan sun gama gini, sun dawo sun sassaƙe abin da ya yi yawa, shekara da shekaru, yana noma yana tafiya bai sani ba, ni ma ban sani ba.

Na ce, "Nomau, wace ce?"

Ya yi dariya har da tari. Ya kama yatsana ya ɗora a tsakiyar ƙwaurin hagu, ya danna.

"Nan, maɗori. Nan."